Kabewar da Iya Ta Binne

Shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare, Umma ta fara raba kayanta tana raye, tana tafiya da ƙafarta, har tana iya yi mana faɗa. Ta ba ƙanwata tukwanenta na silba. Ta ba matar maƙwabcinmu turmi da taɓare biyu. Jar akuyarta, wadda duk Ajingi babu mai taurin kai irin nata in aka cire ni, ta ce a kai wa Kawu, ƙanenta mai tuƙa bas zuwa Kano. Ni kuma keken ɗinki ne rabona, sai dai ba hannu da hannu aka ba ni ba. Ni ce 'yar fari. Umma ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi min magana kai tsaye muddin akwai bango a kusa. Sai ta kalli bangon ɗakin girki ta ce, "A faɗa wa waccan ta ɗauki keken, ta riƙa sa masa mai."

Ina tsaye a gabanta, tsakaninmu bai kai taku biyu ba. Na ce, "Bango, ka ce mata an gode."

Ba ta yi dariya ba. Da can takan rufe baki da gefen mayafi in na yi shaƙiyanci, kafaɗunta suna rawa. Ranar ko motsi fuskarta ba ta yi ba, sai na ji keken ya fita daga raina.

Ciwon ya kai shekara uku yana cinta. Duk wata in al'adarta ta zo, sai ta kwanta a tabarma ta naɗe kamar gammo, da dutsen guga mai ɗumi a kan mara. Jini kuwa ba a magana. Ni ke wankin, ni na san yawan zannuwan, amma a gidanmu sunan abin "ciwon cikin Umma", iyakarsa ke nan. Idanunta suka yi fari fat. Mararta ta tasa, har mata suka fara yi mata fatan sauka lafiya a gidan suna. Ga shi yayarta da irin wannan zubar jini ta rasu, aka ce ciwon daji ne. Umma ta haɗa wannan da wancan, ta yanke wa kanta hukunci, ta fara rabon gado.

Hoton farko a wani ɗakin sikanin a Gaya aka yi shi. Mai hoton ya ce ƙari ne, wanda suke kira faibiroid. Muka kai takardar wajen wata likita a asibiti a can Gaya, doguwa mai tabarau, mai saurin magana kamar ana binta a guje. Ta sake shafa wa Umma man nan mai sanyi, ta duba da kanta, ta jima tana karkata kai.

Ta ce, "Ƙari yana da iyaka, kamar goruba a cikin buhun gero, ana ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Wannan ban ga iyakarsa ba. Bangon baya ya fi na gaba kauri. Ku je Kano a yi mata babban hoto."

Babban hoton shi ne em-ar-ai. Ni aka ɗauka saboda ni ce mai karanta takarda a gidan, kuma ni ce ba ta jin kunyar tambayar hanya, ko da gwamna ne a tsaye. Aka cire wa Umma 'yan kunne da zobe, aka kwantar da ita, aka zura ta cikin wani farin rami. Injin ya fara ƙara kamar an tara maƙeran Gaya gaba ɗaya a ɗaki guda ana gasa. Da ta fito na tambaye ta yadda ta ji. Ta kalli ƙofa ta ce, "A faɗa wa waccan na sauke izu biyu a ciki."

Da muka koma Gaya da hotunan, likitar ta ce Baba ma ya shigo. Ta manna baƙar ledar hoton a jikin fitila, ta nuna wani abu mai kama da gwanda an raba ta biyu.

Ta ce, "Mahaifa kamar ɗakin ƙasa take. Ga bango mai kauri, shi ne tsoka. Ga yaɓe daga ciki, shi ke zuba duk wata, sabo ya maye gurbinsa. A jikin wasu mata sai yaɓen ya kutsa cikin bangon ya zauna. Lokacin al'ada shi ma ya yi jini a can ciki, inda babu ƙofar fita. Sai bango ya kumbura, ya yi ta ciwo. Sunansa adinomayosis."

Baba ya gwada faɗin sunan, ya tsaya a tsakiya kamar jaki ya ga gada. Ni na haddace shi nan take. Sati guda ina zagin 'yan ajinmu da shi, babu wadda ta iya ramawa.

Likitar ta ce, "Malam, kana noma ko?"

"Gero da gyaɗa, ranki ya daɗe."

"To ka san ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero. Wani lokaci a kusurwa ɗaya yake fitowa, ka tumɓuke ka huta. Wani lokaci ya bazu duk gonar. Wannan ciwon ma haka muke raba shi. Akwai mai taruwa wuri guda, har ya dunƙule kamar gudaji. Akwai mai bazuwa. Muna kuma duba ko yana nan kusa da yaɓen, ko ya yi nisa zuwa bayan bango. Na matarka, yadda hoton nan ya nuna, ya bazu, kuma ya yi nisa."

An riga an gwada ƙwayoyi, an gwada allura, duk ciwon ya bi ta kansu ya wuce. Mu shida ne a wajen Umma, ta kuma ce ita da haihuwa sun yi sallama. Aka tsaya a kan cire mahaifar. Har mun miƙe za mu fita, Umma ta yi tambayar da ta kawo ta, muryarta can ƙasa.

"Likita, daji ne?"

"Ban ga alamarsa a hoto ba. Amma hoto daga waje yake leƙe. In aka cire, za a kai naman Kano a yanka shi siriri a duba a madubi. Shi ne zai tabbatar mana da sunansa, da irinsa, da zurfinsa."

Duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya Umma ta ɗauka ta taho da ita gida, ita ce "amma". Washegari ta ba da tabarmar sallarta ta biyu.

An yi aikin wata safiya a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke sa ƙadangaru neman inuwar juna. Muna zaune a baranda, ni da Baba da Iya. Iya ita ce kakata, uwar Baba, ƙaramar tsohuwa mai murya irin ta lasifikar tasha. In Iya ta yi tari, Baba "to" yake cewa. Wajen azahar wata nas ta fito ta ce an gama lafiya, Umma tana barci. A hannunta akwai farin bokitin kastad, an rufe shi an naɗe murfin da filasta, an yi rubutu a jiki, an ɗaura wata takarda cikin leda a mariƙinsa.

Ta miƙa wa Baba ta ce, "Wannan shi ne abin da aka cire. Yana cikin ruwan magani. Kada a buɗe, kada a zubar da ruwan, kada a bar shi a rana. Gobe a kai shi ɗakin gwaji a Kano tare da takardar."

Baba ya karɓa da hannu biyu, yana riƙe da shi nesa da jikinsa kamar zai fashe. Shi dole ya zauna a asibiti saboda sayen magani. Sai ya ce ni da Iya mu tafi da shi gida, gobe da sassafe ya zo ya wuce da shi Kano. Iya ta karɓa ba ta ce komai ba. Da na san Iya sosai a lokacin kamar yadda na san ta yanzu, da wannan shirun kaɗai ya ishe ni tsoro.

A mota ta ɗora shi a cinya ta lulluɓe da mayafi. Muna shiga gida ta ajiye shi a inuwar rumbu, ta sha ruwa, ta ce, "Ke, ɗauko min fartanya."

"Iya, shuka za ki yi ba ruwa?"

"Binnewa zan yi. Bayan ɗakin uwarki, inda mabiyiyarki take, da ta ƙannenki biyar. Duk ni na binne su da hannuna. Abin da ya fito daga jikin mutum ƙasa ake ba wa."

"An ce fa Kano za a kai."

"A kai naman surukata Kano a yi ta yankawa kamar kilishi, maza suna leƙawa? Ba a gidan nan ba. An cire ciwo, an gode Allah. Me ya rage?"

Na yi mata bayanin bango da yaɓe. Na yi mata na ƙuduji. Na faɗi sunan ciwon sau uku da ƙarfi ko zai razana ta. Ta ce in na gama kiran aljanun nawa in kawo fartanyar. Na kira Baba a waya, na faɗa masa abin da ake ciki. Ya ce in ba shi Iya. Na ji muryarsa tana fitowa daga wayar, ta fara da tsayi kamar dalar gyaɗa, tana raguwa, tana raguwa, har ta koma, "To Iya. Haka ne Iya. Yadda kika gani, Iya."

Ta miƙo min wayar ta ce, "Uban naki ya fi ki hankali."

Na tsaya ina kallon bokitin. Abin da ke kaina ɗaya ne. In aka binne shi, babu wanda zai taɓa iya cire wa Umma "amma" ɗin nan daga zuciya. Ciwo zai warke, ɗinki zai haɗe, ita kuwa za ta zauna tana jiran ranar da abin da ya ɗauki yayarta zai dawo ta wata ƙofa. Za ta raba har cokulan gidan.

Kunyar Iya ce ta cece mu. Ta shiga ɗaki ta yago farin ƙyalle sabo, ta miƙo min tana kallon gefe.

"Ni ba zan kalli cikin surukata ba. Ke 'yarta ce. Je ki bayan rumbu ki fitar da shi daga ruwan nan, ki ɗauraye, ki naɗe da kyau. Ki yi bisimilla."

Na ɗauki bokiti da ƙyalle na zaga. A bayan rumbunmu akwai inda ake ajiye kabewar bara a kan yashi. Saura uku. Na kalli ƙaramar cikinsu, ita ma kamar ta kalle ni. Na tuna likita ta kwatanta girman mahaifar da hannuwanta biyu, kuma wallahi kamar ta auna wannan kabewar ce. Na kwance takardar daga mariƙi na cusa a zanena. Na tura bokitin can ƙarƙashin rumbu na rufe da kara. Na ɗan fasa kabewar da dutse don ta yi laushi, na jiƙa ta da ruwa, na naɗe ta a farin ƙyalle. Bisimillar ma na yi, don ban ga abin da zai hana ba.

Iya ta karɓa da hannu biyu, ta jinjina.

"Allah sarki. Duk wannan nauyin baiwar Allah take ɗauke da shi, tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta taɓa cewa komai ba."

Hawaye suka zubo mata. Na zata dariya ce za ta kama ni, har na tanadi tarin da zan ɓoye ta da shi. Ba ta zo ba. Na tsaya kamar an dasa ni, ina kallon tsohuwa tana yi wa kabewa kuka saboda uwata, na rasa inda zan sa fuskata.

Ita ta haƙa ramin da kanta, ta hana ni taɓa fartanyar. Ƙasar bazara ta yi tauri kamar siminti, ƙarfin Iya kuma na tsufa ne, ramin bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Ta sa, ta rufe, ta yi addu'a mai tsawo, ta ɗora dutse a gefe. Da ta tambayi bokitin na ce na jefa shi a masai. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fitowa, abin da ya ɗan ba ni tsoro.

Da gari ya waye na sa kayan makaranta, na zura bokitin a jakar bakko, na rufe da hijabi na biyu, na yi wa Iya sallama kamar mutuniyar kirki. Ban nufi makaranta ba. Na nufi tasha, inda Kawu ke lodi. Yana zaune a kan benci yana shan shayi, ya hango ni.

"Ke 'yar nema, yau kuma tasha aka mayar da ajin naku?"

"Kawu, Kano za ni."

"Wajen wa?"

"Yayarka zan kai asibiti."

"Yaya tana Gaya a kwance."

Na buɗe bakin jakar na ce, "Yawancinta yana Gaya."

Shayin ya sarƙe shi. Da ya gama tari na ba shi labari daga farko har kabewa. Ya dafe kai, ya yi salati, ya ce ni ce zan yi ajalinsa, ya ce Iya za ta sa a kore shi daga ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Sannan ya buɗe min ƙofar gaba ya ce, "Shiga. Ki riƙe shi da kyau. In ya zube min a mota ke da shi zan sauke a Wudil."

Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Ga ni a kujerar gaba, iska tana kaɗa hijabina, ina ɗauke da sirrin da ya fi duk kayan da ke kan motar nauyi. Kawu da ya saba faɗawa rami kamar yana gaisawa da shi, ranar lallaɓa kowanne yake yi, har fasinjoji suka fara tambaya ko lafiya. Wani dattijo mai hular zanna da ke zaune kusa da ni ya yi ta satar kallon jakar. Bayan mun wuce Gaya ya kasa haƙuri.

"'Yan mata, fura ce?"

"A'a Baba."

"Nono?"

"A'a."

"Ko man shanu ne? In na sayarwa ne ina so. Ɗan buɗe in gani."

Na ce, "Baba, na asibiti ne. Jiya aka ciro shi daga cikin mutum."

Tun daga nan har Kano dattijon nan rabin jikinsa a waje yake ta taga.

Ɗakin gwajin yana can ƙuryar wani babban asibiti, bayan mun bi baranda ta kai goma sha. Wari ne ya fara tarbar mu, mai shiga ido kamar ana yanka albasa buhu guda. Kawu ya tsaya wajen taga yana cike-cike, ni kuma wata mata mai farar riga ta karɓi bokitin, ta karanta takardar, ta duba filastar.

"Ba a buɗe ba?"

"Ko kusa."

"Madalla. Ina babban da ya kawo?"

"Ni ce babbar."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta kalli kayan makarantata. Na ba ta labarin kabewa a taƙaice, wato cikin kamar minti ashirin. Ta yi dariya har ta zauna. Da na ga ta saki fuska sai na buɗe buhun tambayoyina. Ta ce za a auna mahaifar, a tsaga, a ɗebi ƙananan yanka daga wurare daban-daban na bangon. A sa su cikin kakin da zai daskare, a shafto su da wuƙar inji, sirara fiye da bawon albasa, a ɗora a gilashi, a rina da launi, sannan likitan nama ya duba a madubi mai girmama ƙananan abubuwa.

"Me zai nema?"

"Yaɓen da likitarku ta faɗa. In ya gan shi tsibiri-tsibiri a tsakiyar tsoka, nesa da inda ya kamata ya tsaya, to shi ne. Sai ya duba ko wuri ɗaya ne ko ko'ina, da kuma iya inda ya kai a kaurin bangon. Zai kuma duba ƙwayoyin da kansu, ko masu hankali ne ko sun haukace."

"In sun haukace fa?"

Ta daina murmushi. "Shi ne abin da mamanki ke tsoro. In shi ne, gara a sani da wuri."

Sai a lokacin ya faɗo min cewa takardar da na yi wa sata da ƙarya tana iya zuwa da labarin da ba na so. A hanyar dawowa ban tsokani kowa ba. Amma kafin mu fito na yi tambaya ɗaya mai amfani. Na ce sauran naman fa, in an gama? Ta ce in iyali suna so su binne, su rubuta, za a ajiye musu. Na sa Kawu ya rubuta.

Kwana biyu na yi kafin na faɗa wa Baba, a bakin asibiti. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar Iya za ta fito daga cikin kwata. Ya ce, "Ni ban ji komai ba." Ya yi taku uku ya dawo. "Allah ya yi miki albarka. Amma ban ji ba." Shi ya faɗa wa Umma da likita. Iya kaɗai aka bari a duhu.

Umma ta dawo gida, ɗinki yana warkewa, tana takawa a hankali tana dafa bango. Ba ta nemi ko cokali ɗaya daga kayan da ta raba ba. In aka ce mata ta yi kyan gani sai ta ce, "Sai dai abin da takarda ta ce." Ni kuma na sa keken ɗinki a gaba, na karya allura ta kai bakwai, na ɗinka wa ƙanena wando mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya, kowa ya fita shuka. Na lura Iya ta rage yi min magana. Takan zaga bayan ɗakin Umma da safe ta jima, ta dawo ta zuba min ido tana taunar goro a hankali. Na ɗauka addu'a take zuwa yi.

Bayan sati huɗu aka kira Kawu a waya. Muka je tare. Matar mai farar riga ta ba mu ambulan a manne, da wani ƙunshi a leda mai kauri, ta ce likitarmu ce za ta buɗe takardar. Na roƙe ta har ta gaji, ta bar ni na sa ido a madubin, a kan wani gilashin da suke koyar da ɗalibai da shi. Na ga jan fili mai zane-zane kamar kunyoyin gona, a tsakiyarsa ga wasu 'yan zobba masu launin shuɗi-shuɗi sun taru, kamar rugar da ta sauka a gonar da ba tata ba. Na yi ihu har Kawu ya leƙo. Abin da ya kwantar da uwata shekara uku, ga irinsa ina kallo da idona, kuma har kyau gare shi.

Washegari muka je Gaya da Umma da Baba. Likitar ta yage ambulan, idanunta suna gudu a kan takardar. Umma ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

"Adinomayosis ne, mai bazuwa. Ya shiga bangon ya wuce rabi, ya fi yawa ta baya, daidai yadda hoton ya nuna. Akwai ɗan ƙaramin ƙari guda ɗaya a gefe, shi mai hoton farko ya gani, ba shi da illa. An duba yaɓen, an duba bakin mahaifar. Babu daji."

Umma ta ɗago. "Babu amma?"

"Babu amma, Hajiya. An cire shi gaba ɗaya, ba shi da inda zai dawo. Ki ci abinci, ki sha maganin ƙarin jini."

Baba ya yi ta hamdala yana share fuska da hula. Ni na fita baranda na yi tsalle uku, wata nas ta ce nan ba filin wasa ba ne. Muka hau mota. Muna hanya Umma ta sayi gyaɗa dafaffiya ta cinye ita kaɗai, ba ta ba kowa ba.

Saura Iya. Duk hanya ina shirya jawabi, da gabatarwa da neman afuwa da wurin da zan yi kuka. Muna shiga Baba ya ce, "Iya, an gode Allah, ba daji ba ne," sai ya tuna yana da aiki a gona ya ɓace. Iya ta yi hamdala, ta riƙe hannun Umma ta jima. Sannan ta juyo.

"Ke, zo mu je."

Ta kai ni bayan ɗaki. A gefen dutsen da ta ajiye, wani abu ya fito kore shar, da faffaɗan ganye huɗu, har ya fara miƙa hannu yana neman katanga. An kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Iya ta ce, "Tun ina yarinya nake noma. Na ga abubuwa a duniya. Ban taɓa ganin mahaifa ta yi yaɗo ba."

Jawabina ya gudu ya bar ni. Na ce, "Iya, ikon Allah ne."

Ta kama kunnena ta murɗa, har yau in hadari ya taso yana min zafi. "Ja'ira. Kin sa na yi wa kabewa kuka. Kin sa na yi mata addu'ar da ban yi wa mijina ba."

"Ai ga shi ta karɓu, Iya, dubi ganyen."

Ta ƙara murɗawa. Da ta sake ni na ruga na ɗauko ƙunshin da aka ba mu a Kano, na durƙusa na miƙa mata. Na ce wannan shi ne na gaskiya, abin da suka ɗiba kaɗan ne, ga sauran. Ta aika aka kira Baba daga gonar da ya ɓuya, ta sa shi ya haƙa rami mai zurfi har gwiwa, ta kawo wani farin ƙyallen. Wannan karon ta kore ni, ta sa Baba ya naɗe, tana tsaye a kansa. Ta ce ko gawar sauro ba za ta ƙara ba ni in naɗe ba. Kabewar kuwa ta ce kada wanda ya taɓa ta, tata ce, ita ta shuka.

Da yamma ina tsakar gida ina fama da zaren da ya cukurkuɗe a keke, Umma ta fito daga ɗaki. Ta aiki ƙanwata ta dawo da tukwane. Ta aika gidan maƙwabta a karɓo turmi. Ta ce a gaya wa Kawu ya kawo akuya, shi kuwa ko awa ɗaya bai yi ba ya iso da ita a kujerar gaba, don ta cinye masa soson kujeru biyu. Sannan ta zo ta tsaya a kaina. Ta kalli wandon ƙanena da ke rataye a igiya, ta kalli karyayyun alluran da na tara a murfin kwalba, ta juya wajen bangon ɗakin girki.

"A faɗa wa waccan ta tashi min daga kan keke kafin ta kashe shi."

Na ce, "Bango, ka ce mata kyauta ba ta komawa."

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ɗaya hannun yana dafe da wurin ɗinkin. Na tashi na ba ta kujerar.